Daga rafukan Kudancin Kaduna zuwa famfon Abuja: Zaren robar da ke bin ruwan wanki

Duk wanda ya taɓa wayar gari ranar Asabar a Kafanchan ya san yadda safiyar take. Kafin rana ta ɗaga an jera bahuna da bokitai a ƙofar ɗakuna da bakin rijiyoyi, yara na ɗebo ruwa, iyaye mata sun sunkuya a kan tulin kayan makaranta, rigunan ƙwallo, hijabai da barguna. A ƙauyukan da ke kewaye, ta wajen Kagoro, Madakiya da Gidan Waya, rafi ne wurin wankin mutane da yawa. A sami faffaɗan dutse, a goga sabulu, a cuɗa, a buga, a ɗauraye, a shanya a kan ciyawa. Idan an gama, kumfa ta bi ruwa ta tafi, ko kuma a sheƙar da ruwan bahon a tsakar gida ƙasa ta shanye.

Ido na ganin dauɗar da ta fita, yana ganin kumfar da ta wuce. Amma akwai abu na uku da ke barin tufa a kowane wanki, wanda sai da madubin ƙara girman abu ake iya ƙirga shi. Wasu ƙananan silin zare ne, akasarinsu ba su kai kaurin gashin kai ba, da ke tsinkewa daga jikin yadi duk lokacin da aka murza shi. Da tufar auduga ce zalla, da maganar ba ta yi nauyi haka ba. To amma yawancin abin da ke cikin bahon nan foliyesta ne, da nailan, da akirilik, wato zaren da aka sarrafa daga man fetur. Shi foliyesta ma asalinsa ɗaya da robar da ake ƙera gorar ruwan sha da ta lemo. A taƙaice, mai wanki roba take cuɗawa, kuma ɓurɓushin roba take zubarwa.

Mai karatu da ke zaune a ofishinsa a Sakatariyar Tarayya zai iya cewa ina ruwansa da wankin da ake yi a Ƙaramar Hukumar Jema'a. Ruwansa ne kuwa, a ma'anar kalmar ta zahiri. Madatsar Gurara tana cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko a Kudancin Kaduna, kuma daga can ne wani ƙaton bututu mai tsawon kusan kilomita 75 ke kawo ruwa zuwa Madatsar Usuma da ke kusa da Ushafa a yankin Bwari, inda ake tace ruwan da ke zuba a famfunan Abuja. Ba duk rafukan yankin ne ke gangarawa Gurara ba. Wasu kudu suke nufa zuwa Binuwai, wasu su faɗa Kogin Kaduna. Sai dai al'adar wankin ɗaya ce, irin tufafin ma ɗaya ne, daga Kafanchan har Kachia da Jere.

Abin da masu bincike suka ƙirga

A 2004 ne Farfesa Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya jawo hankalin duniya ga ɓurɓushin roba, bayan sun same shi a yashin bakin teku da kuma cikin samfuran ƙananan halittun teku da aka adana tun shekarun 1960. Daga baya masana suka tsayar da ma'auni: duk guntun robar da bai kai milimita biyar ba ya shiga wannan aji. A 2011 wata tawaga ƙarƙashin Mark Browne ta ɗebi yashi a gaɓar teku 18 a nahiyoyi shida, ta tarar mafi yawan ɓurɓushin zare ne na foliyesta da akirilik, irin na tufafi. Da suka gwada a injin wanki, sai suka ga riga ɗaya na iya zubar da sili fiye da 1,900 a wanki guda.

Shekara biyar bayan haka, Imogen Napper da Thompson suka auna cikakken wanki mai nauyin kilo shida. Na akirilik, irin yadin suwaita da hular sanyi, ya saki sili sama da 700,000. Na foliyesta ya saki kusan 500,000. Yadin da aka gauraya foliyesta da auduga ya tsaya a kusan 138,000. A 2017 kuma Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta ƙiyasta cewa kashi 35 cikin 100 na robar da ke shiga teku tun tana ɓurɓushi daga wankin tufafi take fitowa, har ta zarce wadda ke gogewa daga tayoyin mota a kan kwalta.

Waɗannan alƙaluman su ne ake ta maimaitawa a tarurruka, kuma duk suna da abu ɗaya: injin wanki da teku. Shi ya sa idan aka kawo maganar a Najeriya, ana iya ɗauka damuwar masu hali ce ta bakin ruwan Turai. Akwai bincike biyu da suka fi kusa da halin da muke ciki. Na farko, na masana a Jami'ar California da ke Santa Barbara a 2020, ya lissafa cewa daga 1950 zuwa 2016 wankin tufafi ya saki tan miliyan 5.6 na zaren roba a duniya, rabinsa a cikin shekaru goma na ƙarshe kaɗai, kuma abin da ke ƙarewa a cikin ƙasa da wuraren binne shara ya kamo wanda ke shiga ruwa, har ya ɗan zarce shi. Na biyu, wanda aka yi a China aka wallafa a farkon 2023, ya kwatanta wankin hannu da na inji. Ƙyallen foliyesta da aka wanke da hannu ya saki ɓurɓushi kusan 1,850, irinsa da aka sa a inji ya saki fiye da 23,000.

A kallon farko wannan albishir ne ga Kafanchan, tunda hannun mai wanki ya fi inji sauƙi a kan yadi da fiye da ninki goma. Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. A biranen Turai, ruwan da ya fito daga inji yana bi ta matatar dagwalon ruwa, kuma matata mai aiki sosai tana kama sama da kashi 90 cikin 100 na ɓurɓushin kafin ruwan ya koma kogi. A bakin rafin Madakiya babu komai tsakanin rigar da ruwan. Kaɗan ɗin da ya fita, dukansa ne ke shiga. Binciken na China ya kuma nuna cewa jiƙa kaya kafin wanki, da sa sabulu, da gogawa a kan allon wanki, duk suna ƙara yawan zaren da ke fita. Wanda ya san yadda ake wankin wandon makaranta da buroshi a kan dutse zai gane cewa namu salon bai kai na ɗakin gwaji ladabi ba.

Yadda roba ta shiga akwatin tufafinmu

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raina. A wajajen 1927 layin dogo daga Fatakwal ya ratsa ta nan zuwa Kaduna, wani reshe ya nufi Jos, garin ya zama mahaɗa, kaya da mutane daga ko'ina suka riƙa sauka. Yadin da ke sauka a wancan zamani auduga ce, ko dai saƙin hannu da fatake ke kawowa, ko akoko da atamfar kanti. Ba a ma ƙirƙiro foliyesta ba sai a 1941, a wani ɗakin gwaji a yankin Manchester.

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited a Kakuri, a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, wasu suka biyo baya, irin su Nortex, Arewa Textiles da United Nigerian Textiles. Audugar Funtuwa, Malumfashi da Gusau ita ce abincin waɗannan masaƙu, kuma ’ya’yan Kudancin Kaduna da dama sun ci abinci a cikinsu. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Labarin rufewar an sha ba da shi ta fuskar rashin aikin yi da kuɗin sallamar ma'aikata da suka maƙale, kuma ya cancanci hakan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa gurbin da audugar ta bari, roba ce ta cike shi. A 2023, bisa ƙididdigar ƙungiyar Textile Exchange, foliyesta kaɗai ya kai kashi 57 cikin 100 na dukkan zaren da aka samar a duniya.

Ta hanya biyu yake iso mana. Akwai sabon yadi mai araha daga Asiya, wanda ke cika shagunan Kantin Kwari a Kano ya bazu zuwa kasuwannin ƙauye: shaddar da ke ƙyalli amma ba ta shan gumi, yadin hijabi, leshi, kayan makaranta, rigunan ƙungiyoyin ƙwallon Turai. Akwai kuma gwanjo. Har yanzu sunan gwanjo na cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, amma kowa ya san diloli na shigowa ta Kwatano da sauran kan iyakoki, kuma babu kasuwar da ba a baje su. A yankin da ke gindin tsaunukan Filato, inda hunturun Disamba da Janairu ke shiga ƙashi a Kagoro da Manchok, suwaita da jaket mai gashi-gashi da bargo ba kayan ado ba ne. Su ne kuma suka fi kowane irin tufa zubar da zare. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2016 a kan irin waɗannan jaket ya nuna cewa waɗanda suka sha jiki sun fi sababbi zubarwa da kusan ninki biyu. Gwanjo kuwa da tsufansa yake zuwa.

Ba laifin mai saye ba ne, kuma duk wanda zai yi wa uwar ’ya’ya biyar wa'azin ta koma auduga zalla sai ya fara duba farashin yadi biyar na shadda mai kyau ya kwatanta da albashi mafi ƙanƙanta. Ita ma audugar ba waliyyiya ba ce. Wani bincike na 2020 da ya ɗebi ruwa a tekuna daban-daban ya tarar cewa kashi takwas cikin 100 ne kacal na zaren da ke yawo a saman ruwa roba ne, sauran na auduga ne da ulu da danginsu, waɗanda rini da sinadaran masaƙa suka hana su saurin ruɓewa. Bambancin shi ne auduga, komai jinkiri, ƙasa na cinye ta. Foliyesta sai dai ya ƙara farfashewa.

Inda zaren ke kwana

A Kudancin Kaduna, ƙasa ce ta fi karɓar ruwan wanki kafin rafi. Kuma ƙasar nan ita ce jarin yankin. Daga Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a ne mafi yawan cittar Najeriya ke fitowa, kuma wanda ya ga yadda annobar da ta afka wa citta a daminar 2023 ta durƙusar da manoma ya san abin da lafiyar gona take nufi ga gidajen nan. Ba zaren roba ne ya kawo annobar ba, cutar naman gwari ce. Amma masana a Jami'ar Freie da ke Berlin sun nuna a 2018 cewa zaren foliyesta idan ya gauraya da ƙasa yana sauya yadda take dunƙulewa da yadda take riƙe ruwa, har da aikin ƙananan halittun da ke cikinta. Tun kafin nan, wani bincike a Amurka ya tarar da zaren tufafi a gonakin da aka zuba wa takin dagwalo shekara 15 bayan zubawar. Lambun bayan gida da ake sheƙa wa ruwan wanki kowane mako tsawon shekaru yana tara abin da ba ya raguwa. Ga kuma buhunan roba da tampol ɗin shanya citta, waɗanda rana ke cinyewa har su koma gari a wurin da aka bar su.

A nan ne mutum ba zai rasa tuna Nok ba. An kai wa Bernard Fagg wani kan mutum-mutumi na yumɓu da aka tono a wurin haƙar kuza kusa da Jema'a, daga nan duniya ta san cewa mutanen wannan ƙasa sun bar sana'ar hannunsu a binne fiye da shekara 2,000. Masana tarihin ƙasa a yau suna ɗaukar ɓurɓushin roba a matsayin alamar da ke nuna zamaninmu a cikin laka da yashi. Idan wani ya tona ƙasar Kwoi nan gaba, zai tarar da namu sawun a saman nasu.

Damina a wannan yanki ta fi ta Kano tsawo da yawa. Ruwan farko na watan Afrilu yakan share abin da rani ya tara a kwatoci da bayan gidaje ya kai rafi, rafi ya kai kogi. Kifi da sauran halittun ruwa suna haɗiye zaren, kuma an sha samun sa a cikin hanjin kifayen ruwan daɗi a ƙasashe da dama. A madatsa, inda ruwa ke tsayawa, wani ɓangare yakan kwanta a cikin laka, wani ya ci gaba da tafiya.

Ya kamata a yi adalci wajen maganar lafiya, domin tsoratarwa ba ta da amfani. A rahotonta na 2019 kan ɓurɓushin roba a ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hujjojin da ake da su a lokacin ba su nuna babban haɗari ba, ta ce matatun ruwa masu aiki yadda ya kamata suna cire mafi yawansa, ta kuma ja hankalin gwamnatoci da kada su bar yaƙi da ƙwayoyin cutar da ke kashe yara a yau su bi abin da ba a gama tantancewa ba. Wannan gargaɗi ya dace da mu, ƙasar da kwalara ke dawowa kusan kowace damina. Sai dai bayan rahoton abubuwa sun ƙaru. A 2021 likitoci a Rum sun ba da rahoton samun ɓurɓushin roba a mabiyiyar jarirai. A 2022 masana a Amsterdam suka same shi a jinin mutum 17 cikin 22 da suka gwada. A watan Maris na 2024 mujallar likitoci ta New England ta wallafa binciken da aka yi a Italiya kan marasa lafiya 257 da aka yi wa tiyatar jijiyar wuya. Fiye da rabinsu an sami roba a cikin kitsen da ya toshe jijiyar, kuma a cikin kusan shekara uku da aka bibiye su, waɗannan sun fi sauran fuskantar bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa da kusan ninki huɗu da rabi. Masu binciken da kansu sun ce wannan alaƙa ce suka gani, ba hukuncin cewa robar ce sanadi ba. Amma alaƙa irin wannan ba a yi mata ko-oho.

Abin da ke hannun mai wanki, da abin da ke hannun mai alƙalami

A gidan da ake wankin hannu, gyaran da ya fi tasiri ba ya cin ko kwabo: kada a yi wankin a cikin rafin kansa. A ɗebi ruwa a matsa nesa da gaɓa, a zubar da ruwan wankin a rami guda da aka zuba wa yashi da tsakuwa, nesa da rijiya da lambu. Zaren ba zai ɓace ba, amma zai tsaya wuri ɗaya maimakon ya bazu. Wannan shawara ba baƙuwa ba ce ga ma'aikatan lafiya na yankin, domin ita ce ake bayarwa game da gidan sauro mai magani, wanda shi ma da foliyesta ko wata robar ake saƙa shi, kuma maganin da ke jikinsa yana kashe kifi. Sai rage yawan wankin suwaita da bargo, waɗanda sau da yawa shanya a rana da kakkaɓewa sun ishe su, da sassauta buroshi, da daina kwana da kaya a jiƙe idan ba dole. Soson gargajiya da ke yaɗo a kan danga ya fi soson roba ta wannan fuska, kuma ba a sayen sa da tsada. Tsummokaran da suka mutu kuma kada a cinna musu wuta a bola, hayaƙinsu ya fi zaren illa nan take.

Masu sayen yadi sun daɗe da dabarar gane gaskiyar mai shago. A zare sili ɗaya daga gefen yadin a kusanta shi da ashana. Auduga za ta ci wuta ta bar toka mai laushi da warin takarda. Foliyesta zai narke ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri.

A Abuja kuma labarin ya koma irin na Turai, domin a gidajen Gwarinpa, Lokogoma da Kubwa injin wanki ya zama ruwan dare. A nan binciken ya bayyana abubuwa dalla-dalla. Inji mai buɗewa ta sama ya fi mai buɗewa ta gaba fitar da zare da kusan ninki bakwai, a gwajin Amurka na 2016. Masana a Jami'ar Newcastle sun gano a 2019 cewa zaɓin wanki mai laushi, wanda mutane ke ɗauka yana tausaya wa tufa, ya fi zaɓin yau da kullum zubar da zare, saboda ruwan da yake ci ya fi yawa. Cika injin da kaya, da ruwan sanyi, da gajeren lokaci, duk suna ragewa, suna kuma rage kuɗin wuta ga wanda ke layin Band A. Igiyar shanya da muke da ita a kyauta ta fi injin busarwa, wanda ke hura zaren kai tsaye cikin iska. Akwai kuma mataci da ake ɗaura wa bututun injin. A gwajin Jami'ar Toronto na 2019, wani irinsa ya kama kashi 87 cikin 100 na zaren, yayin da ƙwallon da ake jefawa cikin injin ya kama kashi 26. Abin da matacin ya tara a kwandon shara ake zuba shi, ba a wanke shi a famfo, in ba haka ba an yi aikin baban giwa.

Faransa ta sa wajabcin irin wannan mataci a dokarta ta 2020, ta ce daga Janairun 2025 sababbin injina su zo da shi. Majalisar jihar California ta zartar da makamanciyar doka a 2023, gwamna ya ƙi sa hannu saboda tsada. A ganina, kwaikwayon dokar Faransa ba shi ne abin da ya fi gaggawa a Najeriya ba, ƙasar da mafi yawan wankinta ba ya bi ta inji. Inda mataci zai yi ma'ana shi ne wuraren da wanki ke taruwa da yawa a bututu ɗaya: otal-otal, asibitoci, barikoki, makarantun kwana da manyan shagunan wanki da guga. Waɗannan ana iya ƙirga su, kuma Hukumar Kare Muhalli ta Abuja da NESREA sun riga sun san ƙofofinsu. Haka nan matatar dagwalo ta Wupa: tana kama zare, amma tambayar ita ce ina ake kai lakar da ta kama shi, domin idan gona aka kai ta a matsayin taki, an dawo da hannun agogo baya.

Babban abin da ke hannun gwamnati, duk da haka, ba doka ba ce, kasuwa ce. Gwamnati na cikin manyan masu sayen tufafi a ƙasar nan: kakin sojoji, ’yan sanda, kwastam, ’yan hidimar ƙasa, kayan asibiti, barguna da gidajen sauron da ake rabawa a sansanonin ’yan gudun hijira. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya riga ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin da ma'aikatu ke kashewa a kan wasu kayayyaki, ciki har da kaki da takalma, su tafi ga na gida. Amma ɗinki a gida da yadin roba da aka shigo da shi bai taɓa matsalar da muke magana a kai ba. Jami'in da ke rubuta sharuɗɗan kwangila yana iya ƙara layi biyu: adadin audugar da ake buƙata a yadin, da iyakar zaren da zai zubar a wanki. Ma'aunin gwajin ma akwai shi, ISO 4484 da aka fitar a 2023, kuma Hukumar SON mamba ce a ƙungiyar da ta fitar da shi. Yadi mai matsattsiyar saƙa da dogon zare ya fi mai gashi-gashi riƙe kansa, ko da kuwa duka biyun foliyesta ne.

Sai kuma rigunan rabo. Duk wanda ya yi shekara biyar a aikin gwamnati yana da tulin riguna da huluna na bita, na gangami, na ranar kaza ta duniya, akasarinsu foliyesta mafi araha, an sa su wuni ɗaya. Daga nan sai a tura su ƙauye a cikin buhu lokacin Kirsimeti ko Sallah, su ƙare a bakin irin rafukan da muka fara da su. A Yunin 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta haramta amfani da robar da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatu da hukumomi. Rigar bita ba ta cikin abin da aka saba nufi da wannan, amma a aikace da wuya a ce ba ita ba ce.

A matakin duniya ba a cim ma komai ba tukuna. Tattaunawar yarjejeniyar roba da aka ƙaddamar a Nairobi a Maris na 2022 ta watse ba matsaya a Busan a Disambar 2024, ta sake watsewa a Jeneba a Agustan 2025, musamman a kan ko za a taƙaita yawan robar da ake samarwa. Najeriya kuwa tana da Manufar Ƙasa kan Sarrafa Sharar Roba tun 2020, kuma abin da aka fi ji a bakin jami'ai shi ne leda, gorar ruwa da robar zuba abinci, waɗanda ido ke gani suna toshe kwalbati.

Abu na ƙarshe shi ne awo, kuma Kudancin Kaduna na da masu yin sa a gida. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan yana ɗauke da tsangayoyin aikin gona da nazarin muhalli, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace da aka kafa a Kachia a 2025. Matakin farko na aikin bai wuce kwalaben gilashi, takardar tacewa da madubin ɗakin gwaji ba, sai tantance nau'in robar ne ke buƙatar na'ura mai tsada, wadda ake iya haɗa gwiwa da wata jami'a a kanta. Wuraren ɗibar samfurin a fili suke: sama da gari da ƙasa da gari a rafin da ke zuba a Matsirga, ƙasar lambun da ke shan ruwan wanki da wadda ba ta sha, bakin bututun Gurara, da ruwan da ya fito daga matatar Usuma. A ɗiba sau ɗaya a ƙarshen Maris kafin ruwa ya sauka, a sake ɗiba mako guda bayan ruwan farko, sannan a Agusta lokacin da rafukan suka cika.